Tumatirina na bokiti ya fara yaushi, ina na kuskure?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara cikin gaggawa. Wata biyu ke nan da na haɗa noman tumatir ba ƙasa a bayan gidana nan Kano. Bokiti goma sha biyu ne, irin na fenti mai lita 20, na haɗe su da fayif ta ƙasa, duk suna komawa cikin duro ɗaya, ƙaramin famfo yana ɗibar ruwan yana zagayawa da shi. Saiwar cikin ruwa take tsundum, sai injin iska irin na masu kifin ado yana hura kumfa a kowane bokiti. Wallahi har makon jiya abin gwanin sha'awa, maƙwabta na shigowa kallo. Sai na ga da rana ganye yana langaɓewa, da dare ya farfaɗo. Yanzu ko da dare ba ya tashi. Da safiyar nan na ɗaga murfi, saiwar da take fara sol ta koma ruwan shayi, tana yauƙi, ga wani wari kamar na kwata. Shekaranjiya na ƙara taki don na ɗauka yunwa ce. Me zan yi?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Ayya, sannu Baban Ilham. Kafin komai, ka kama saiwa ɗaya da yatsu biyu ka ja a hankali. In fatar ta zame ta bar wani siririn zare a tsakiya, to ruɓewar saiwa ce, babu tantama. Ni ma ta taɓa cinye min latas kaf.

Baban Ilham: Hajiya yanzu na gwada. Haka ta yi, ta saɓule kamar safa.

Malamin Gona: To ai ruwa ba ya tsami banza. Malam, tambaya uku: ina duron yake ajiye, wane launi ne, kuma awa nawa kake samun wuta a rana?

Baban Ilham: Shuɗin duron roba ne, yana kan siminti jikin katanga, rana tana dukansa daga azahar zuwa la'asar. Wuta kuwa sai addu'a. Ranar Talata aka ɗauke tun asuba ba a dawo da ita ba sai bayan isha'i.

Malamin Gona: Ka ba kanka amsa da bakinka. Saiwa tana numfashi kamar yadda kake yi, kuma iskar da take shaƙa ita ce wadda ta narke cikin ruwan. Ruwa mai digiri 20 iyakar abin da zai riƙe kusan miligiram 9 ne a lita. In ya kai digiri 30 ya sauko wajen 7 da rabi, a daidai lokacin da zafin ya sa saiwar ta fi buƙatar iskar. Wannan fa in injin iska yana aiki ke nan. Kai naka ya yini a kashe, a watan Afrilun Kano, cikin duron da rana ke gasawa. Saiwa ta shaƙe, ta raunana, sai cutar da ake kira Pythium ta samu ƙofa, ita kuwa ruwan ɗumi marar iska shi ne gidanta. Kuma da yake ruwanka zagayawa yake, abin da ya kama bokiti ɗaya famfonka da kansa ya raba wa sauran sha ɗayan. Takin da ka ƙara kuwa kamar a ɗura wa mai amai tuwo ne. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya shan ruwa, ka ƙara masa gishiri ya ƙara yi mata wuyar sha.

Ɗan Kadawa: Allah ya kyauta. Ni dai har yau ban gane wannan wahalar ba. Allah ya ba mu ƙasa, ga ruwan Tiga yana gudu a kanal, mutum ya tsaya yana shayar da tumatir a bokiti kamar jariri. Malam ka zo Kura in ba ka kwando ɗaya kyauta ka huta.

Maman 'Yan Biyu: Kwandon da za ka ba shi a Fabrairu ko na Yuni? Don na Fabrairu kam kowa ma kyauta yake bayarwa, har zubarwa kuke yi a bakin titi a Kwanar Gafan. Ka ba shi na damina mu gani.

Ɗan Kadawa: Hajiya kin kama ni. Na damina ko ni saya nake.

Na Toronto: Yaya Baban Ilham, in tambaye ka tsakani da Allah, a YouTube ka kwaikwayi wannan tsarin ko?

Baban Ilham: Ƙwarai. Bidiyo ya fi ashirin na kalla.

Na Toronto: Na sani ai. Da yawa daga masu wannan tsarin na saiwa cikin ruwa da bokitai a jere, a nan Kanada da Amurka, masu noman wiwi ne a cikin ɗaki. Nan tun Oktoban 2018 doka ta halatta, a yawancin larduna gida yana iya shuka har huɗu. Abin da ba sa tsayawa su faɗa a bidiyon shi ne ɗakin yana da na'urar sanyaya iska, da yawansu suna da wani inji na musamman da ke sanyaya ruwan ya tsaya wajen digiri 18 zuwa 21, wuta kuma sai a shekara ba ta ƙifta ba. Tsarin an gina shi ne a kan cewa famfo ba zai taɓa tsayawa ba. Ka ɗauko shi ka kai Kano a bazara, ai ka saka rigar sanyi ne a tsakar rana.

Admin: Tunda an ambaci abin, bari in ja kunne tun wuri. A Najeriya noman wiwi laifi ne babba, ko a gona ko a bokiti, NDLEA ba ta tambayar a wace ƙasa ka ga an halatta. Nan gidan tumatir, tattasai, attaruhu, kokwamba da latas muke magana. Duk wanda ya karkata can zan cire shi. A ci gaba.

Na Toronto: Ranka ya daɗe ni ma asalin kuskuren nake nunawa, ba talla nake ba.

Baban Ilham: Wallahi ni ban ma lura ba, na ga dai ganye kore a bokiti. To yanzu shi ke nan na yi asara? Ko akwai maganin da zan zuba?

Malamin Gona: Waɗanda saiwarsu ta gama narkewa ka tumɓuke ka fitar da su daga gidan. In akwai masu sauran farar saiwa, ka yanke ruɓaɓɓen da almakashi mai tsabta, ka zubar da ruwan duka, ka wanke duro da fayif da bokitai da ruwan bilic, ka ɗauraye sosai har warin ya fita, ka haɗa sabon ruwa mai rabin ƙarfin taki. Wasu suna ɗiga haidurojin feroksaid na kemis. Yana ɗan taimakawa, amma kwana kaɗan yake yi ya baje. Gaskiyar da ba za ka so ji ba: ko sun farfaɗo, ranar da aka sake yinin rashin wuta za ka dawo nan da wannan kukan. Ni da ni ne sauya tsarin zan yi gaba ɗaya.

Injiniya Sola: Malam ya faɗi abin da nake shirin rubutawa. Baban Ilham, bokitanka ba su ɓaci ba, fayif ɗinka bai ɓaci ba, famfonka ma zai yi. Ka mayar da shi irin wanda ake kira bokitin Holan, wanda masu noman tumatir da kokwamba na kasuwa suke amfani da shi. Bambancin shi ne saiwa ba ta zama cikin ruwa. Bokitin ana cika shi da abin da zai riƙe danshi ya kuma bar iska ta ratsa, ruwan taki yana ɗiga ta sama na 'yan mintuna, ragowar ya tsiyaye ta ƙasa ya koma tanki. Ko an yini ba wuta saiwa tana da iska, tana da danshi, in abin ya yi tsanani ka ɗauki buta ka zuba wa kowane bokiti da hannu.

Ga yadda nawa yake, bokiti ashirin ne a Zariya, shekara ta biyu ke nan. Ana huda bokitin a gefe, kamar yatsu biyu zuwa uku daga gindi, ba a gindin ba. A sa robar da ke hana yoyo a ramin, a zura guntun fayif, a ciki a sa masa elbo, wato lanƙwasasshen mahaɗin fayif, yana kallon ƙasa, bakinsa ya kusa taɓa gindin bokitin amma bai taɓa ba. Hikimar elbon nan ita ce ruwan da zai fita na can ƙasa ne, wanda ya daɗe, sabon da ya ɗigo ya maye gurbinsa, kuma kullum akwai ɗan ruwa kwance a gindi da shuka za ta lallaɓa da shi. A waje kuma fayif ɗin ya zuba cikin babban fayif na inci biyu da ya bi bayan bokitan. Wannan babban dole ya ɗan gangara zuwa tanki. Filamban da ya yi min na farko ya shimfiɗa shi daidai wa daida don ya yi kyau a ido, ruwa ya kwanta a ciki, sati biyu sauro ya yi ƙwai. Sai da na sa bulo na ɗaga kan.

Abu mafi muhimmanci a ƙasarmu: ka tona rami ka binne tankin, bakinsa kawai ya fito, ka rufe shi da katako ko buhu. Riba biyu ce. Ruwa zai koma da kansa ba sai da wani famfo ba, sannan ƙasa za ta riƙe masa sanyi. Ka tuna me ya sa kakanninmu suke kafa randa cikin yashi a inuwa. Na auna da ma'aunin zafi, ruwan tankina da la'asar ya fi na jarkar da ke tsakar gida sanyi nesa ba kusa ba.

Maman 'Yan Biyu: Injiniya ka manta fenti. Bokitin fenti fari haske yana ratsa shi, gansakuka ta cika ciki ta toshe komai. Ni baƙi na fara shafawa, da ya bushe na bi shi da fari. Baƙin ya tare haske, farin ya kore zafi. Siririn tiyon da ke kai ruwa ma baƙi za a saya, kar a sayi mai garai-garai.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai. To me zan cika bokitin da shi? A bidiyo wani farin abu mai kama da gugguru suke sawa.

Injiniya Sola: Falayit ke nan, dutse ne da aka gasa ya kumbura. Yana da kyau amma daga waje ake kawo shi, kuɗinsa zai sa ka fasa noman. Ni tsakuwa wankakkiya nake sawa a ƙasa har ta rufe elbo, a sama kuma buntun shinkafa da aka babbaka haɗe da garin ɓawon kwakwa.

Malamin Gona: A nan zan ɗan saɓa wa Injiniya. Garin ɓawon kwakwa a tsarin da ruwa ke komawa tanki yana da matsala biyu. Na farko, da yawansa yana zuwa da gishiri, in ba ka jiƙa ka wanke shi sau da yawa ba zai ƙona maka dashe. Na biyu, garinsa yana bin ruwa ya rina tanki ya toshe famfo. Buntun kuma sai an iya babbaka shi: baƙi ake so ya yi yana nan da siffarsa, in ya zama toka ya lalace, tokar za ta harba pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, sama.

Injiniya Sola: Malam ba mu saɓa ba ai. Shi ya sa nake zuba nawa cikin tsohon gidan sauro da na ɗinka kamar jaka, sannan in saka jakar a bokiti. Bakin fayif ɗin da ke zuba a tanki ma na ɗaura masa tsohuwar safa, duk Juma'a in cire in wanke. Tsakuwa zalla na gwada a farko, zafin Maris ya busar da ita cikin awa biyu.

Malamin Gona: To da jaka na yarda. Amma wankin ba fashi.

Ɗan Kadawa: Gidan sauro, safa, buta. Saura zanin goyo. Amma bari in yi tambayar gaske: wane taki kuke narkawa? Don in Kamfa ne ko NPK 15-15-15 ina da buhuna.

Malamin Gona: Alhaji wannan shi ne kuskure na biyu da kowa ke yi. Takin buhu an yi shi ne don ƙasa. Ƙasa tana da ƙwayoyin halitta da ke sarrafa yuriya, tana kuma da nata kalsiyam da ƙarfe da sauran ƙananan sinadarai da ba ka taɓa sayensu ba don tana ba ka kyauta. A bokiti babu mai ba ka komai, abin da ka zuba shi ne kawai. Ga shi takin buhu ba ya narkewa duka, laka yake bari. Haɗin da ƙananan manoma suka fi sani kala uku ne: Masterblend 4-18-38, kalsiyam naitiret, da gishirin Epsom. A duro mai lita 200, kusan giram 120 na farko, 120 na biyu, 60 na Epsom. Sai dai a kiyaye: kowanne a narka shi daban, kuma kalsiyam shi ne na ƙarshe, bayan sauran sun gauraye da ruwan tankin. In ka haɗa su a kofi ɗaya da kauri, za ka ga ruwan ya yi fari kamar nono, wani gari ya kwanta. Kalsiyam ɗin ne ya haɗu da sulfet da fosfet ya zama abin da shuka ba za ta iya sha ba. Kuɗinka ne kwance a gindin kofi.

Maman 'Yan Biyu: Ni na yi wannan! Na zaci ma alamar ƙarfin takin ne, ina ta murna. Da tumatir ya fara 'ya'ya sai gindin kowanne ya yi baƙi ya lotsa. Maigidan ya ce sammu ne.

Malamin Gona: Rashin kalsiyam ne a cikin ɗan, Hajiya. Wani lokaci yana nan a ruwan ma, amma in shuka ta sha ƙishi yau ta ƙoshi gobe ba ya isa can ƙarshen ɗan tumatirin. Shi ya sa taima, na'urar da ke kunna famfo ta kashe a kan lokaci, take da amfani. Sannan mita biyu ba makawa, ta pH da ta EC mai auna ƙarfin takin da ke cikin ruwa. pH ya zauna tsakanin 5.5 da 6.5. In ya haura 7 ƙarfe yana daina shiga, sai ka ga sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa kore. Ruwan burtsatse kowanne da halinsa, ka auna naka kafin ka zuba komai. EC kuma ga dashe wajen 1 zuwa 1.5, babban tumatir 2 zuwa 3 da ɗan kai. A zafi ka tsaya ƙasa-ƙasa, don shuka ruwa take zuƙa fiye da taki, sai abin da ya rage a tanki ya yi ta ƙara kauri. Babban tumatir ɗaya yana iya shan lita biyu zuwa uku a rana. Ka lissafa da goma sha biyu ka ga yadda duronka zai riƙa sauka. Kullum ka cika da ruwa zalla, ka auna, duk sati biyu ka juye duka ka haɗa sabo. Tsohon kar ka zubar a kwata, ka ba zogale ko bishiyar gida.

Baban Ilham: Mitar pH ina da ita. Lemon tsami nake matsawa in ya hau.

Injiniya Sola: Yana saukar da shi yau, gobe ka tarar ya koma inda yake. Ka nemi fosforik asid wajen masu sayar da kayan, ɗigo kaɗan ya isa, ka kiyaye ido da hannu, ka ɓoye wa su Ilham. Batun wuta kuma, famfon da wannan tsarin ke buƙata ƙarami ne ƙwarai. Mai 12V da faranti ɗaya na sola da ƙaramin batir ya wadatar. Nawa minti goma sha biyar yake yi sau huɗu a rana da hunturu, da bazara in ƙara zuwa shida ko bakwai. Da dare ba ya aiki sam.

Ɗan Kadawa: To na ji duk wannan. Ga nawa ilimin, tunda ku na littafi ne. Malam ka dasa a Fabrairu, furenka ya faɗo a Afrilu. Ko saiwarka lafiya lau take, furen nan zubewa zai yi. Tumatir ba ya ɗaure ɗa a wannan zafin, musamman in dare ma bai yi sanyi ba. Mu da muke yi tun muna yara me ya sa muke dasawa bayan damina mu ci hunturu? Bokiti ba zai sauya wa tumatir hali ba. Kuma kar ku ɗauka don ba ƙasa kun tsira daga Sharon. A 2016 ƙwaron nan ya share gonaki a Kano da Kaduna da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ta sama yake zuwa, ba ya tambayar a me aka shuka.

Malamin Gona: Wannan magana ta Alhaji a rubuta ta da ruwan zinare. Da zafin rana ya wuce digiri 32 zuwa 35 garin furen yana lalacewa. Abin da bokiti ke raba ka da shi cututtukan ƙasa ne da tsutsar da ke sa saiwa ƙulli, da ciyawa, ga tattalin ruwa. Zafi da Tuta absoluta, wato Sharon ɗin da Alhaji ya ambata, kuwa sai raga mai ƙananan ido a kewaye, da rumfar inuwa a sama. In kana son cin kasuwar damina, ka yi rufin leda saboda ruwan sama, ka yi reno yadda fure zai zo bayan zafin ya karye. Iri ma a duba. UC82B da Roma da ake yi a fadama gajeru ne, su yi 'ya'ya lokaci guda su gama. Wahalar bokiti ta fi dacewa da irin da ke ta hawa igiya wata da watanni ana tsinka.

Ɗan Kadawa: Yau dai Malamin Gona ya ce na yi daidai. A ajiye min wannan saƙon.

Maman 'Yan Biyu: Baban Ilham in ka rufe da raga, ka tuna zuma ba za ta shiga ba. Da hantsi ka riƙa bi kana ɗan kaɗa igiyar kowace shuka don furen ya ɗaure. Ni 'yan biyu na ba wa wannan aikin kafin su tafi islamiyya, har faɗa suke a kai.

Baban Ilham: Jama'a Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu, uku ne kawai ke da sauran farar saiwa, tara na tumɓuke. Uwargida tana tsaye tana kallona ba ta ce komai ba, wanda ya fi zagi ciwo, don kuɗin da na ce na gyaran firji ne na sayi injin iskar. Gobe in sha Allahu zan kira yaro ya tona ramin duro a gindin darbejiya. Injiniya don Allah turo min hoton yadda elbon yake zaune a ciki.

Injiniya Sola: Zan ɗauka da safe in na je wanke safa. Amma kar ka tona dab da darbejiyar, saiwarta za ta matse duron, ganyenta kuma ya cika maka tanki. Ka matsa kamar taku biyar, inda inuwar ke kaiwa da la'asar. Kuma tsofaffin ramukan da ka huda a bokitan ka duba tsayinsu, in sun yi ƙasa da yawa toshewa za ka yi ka huda sabo.

Baban Ilham: To ukun da suka rage fa, in mayar da su cikin sabon tsarin?

Malamin Gona: A'a. Ka dasa su a ƙasa can gefe, nesa da tankin, in sun rayu ka samu na miya. Sabon tsari sabon dashe, kuma sai ka wanke komai da bilic tukuna.

Ɗan Kadawa: A ƙasa dai. Na gode Malam. Baban Ilham kwandon nan yana nan, amma ka zo da abin ɗauka, don bokitanka duk a huje suke.